Motar Malam Haladu da Sirrin Matan Toranke

Cikin duk shekarun da na yi ina rewaya a Gaya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Malam Haladu direba ya dawo mini da aikin da na yi masa. Aikin bai lalace ba. Ko waya ɗaya ba ta kwance ba, fiyus bai ƙone ba, rediyo na tashi garau. Amma ya dawo da shi, kuma shi ne mai gaskiya. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin sana'ar nan, ku da kuke tasowa yanzu, to wannan zan ba ku.

Sunana Sabi'u, a bakin tasha kuwa Sabi'u Rewaya ake ce mini. Ga wanda bai san aikinmu ba, mai rewaya shi ne mai kula da duk inda wuta ke bi a jikin mota: fitilu, hon, caji, rediyo da sauransu. Makanike na ji da inji, mu muna ji da wayoyi. Shekara bakwai na yi a hannun ogana kafin ya ba ni 'yanci, na kafa rumfata a gefen titin da ke fita Ajingi. A lokacin da wannan abu ya faru, aikin da ya fi shigo mana shi ne sauya rediyo. Kaset ya daɗe da mutuwa, kowane direba so yake a sa masa rediyo mai bulutut, wato wadda ke haɗuwa da wayar hannu ba tare da igiya ba. Ka kunna karatu ko waƙa daga aljihunka ta fito a sifikokin mota, in an kira ka kuma ka amsa hannunka na kan sitiyari. Na ƙware a aikin har na fara jin kaina. A wuni nakan sa uku ko huɗu, kuma ba zan ɓoye muku ba, na kai matsayin da ba na jiran mai mota ya gama bayani.

Malam Haladu mutumin Toranke ne, yana jan ƙaramar bas tsakanin Ajingi, Gaya da Kano. Dattijo ne mai sanyin magana, ya girme ni da shekara goma ko fiye. Ban da jigilar fasinja yana da wani aiki da ya ɗora wa kansa. Direbobin tasharsu sun yi shiri tsakaninsu cewa kowane yanki a samu direba ɗaya da za a kira in haihuwa ta zo wa mace da gardama, ya kai ta asibiti. Ƙa'idar ita ce, ko da fasinja ne cike a motar, zai sauke su a tasha mafi kusa a juye su a wata mota, shi ya juya. In ya dawo, ciyaman ɗin tashar ya mayar masa da layinsa, wato ba sai ya koma bayan sauran motoci ya jira lodi ba. A Toranke da ƙauyukan gefenta Malam Haladu ne ke riƙe da wannan. Wadda ke kiransa kuwa ita ce Iya Delu, tsohuwar ungozomar garin. In ba ta ce a kira mota ba, babu gidan da zai kira.

Duk wannan da nake gaya muku, daga baya na san shi dalla-dalla. A ranar da ya fara zuwa rumfata ban san komai ba sai cewa direba ne mai son sabuwar rediyo.

Da damina ne, ana tsakiyar noman gyaɗa. Ya tsayar da motar, muka gaisa, ya ce ciyaman ne ya matsa masa. Ashe kwana biyu kafin nan yana tafe a hanyar burji bayan an ɗauke ruwa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, saura ƙiris ya hau amalanken shanu. Labari ya kai tasha. Ciyaman ya ce masa in aka ƙara ganinsa da waya a hannu yana tuƙi, zai cire shi daga layi. Shi kuma ba kullum yake iya tsayawa ya amsa ba, don a taɓon hanyar nan in ka tsaya ka kafe, kiran kuma ba irin wanda ake bari ya katse ba ne.

Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓallai ya miƙo mini, ya ce, "Sabi'u, ka ga wayar nan, ba irin ta kowa ba ce. Akwai wata baiwar Allah da take kirana, to maganarta..."

Na ce, "Malam, bar ni da aikina. Wannan shi ne na uku yau. Zauna ka sha inuwa."

Ya koma ya zauna a benci.

Aikin kuwa na yi shi yadda ya kamata, ko yanzu aka ce in sake haka zan yi. Na cire kan batir tukuna, don kada waya ta taɓa ƙarfe ta tayar da wuta. Na zare tsohuwar rediyon, na bi wayoyi da testa na ware mai kawo wuta kullum da mai kawo wuta sai an murɗa makulli. Na haɗa kowacce da darma, ban yi murɗe-ka-naɗe irin na masu gaggawa ba. Na maƙala makirfo a saman gilashi daidai bakinsa. Sifikokin motar biyu ne a ƙofofin gaba, sai na ƙara masa biyu a can baya, don na ƙarshen kujera ma ya ji karatu sosai. Na haɗa wayarsa da rediyon, na koma gefe na kira shi. Muryata ta cika motar har mai rake da ke tsallaken titi ya waiwayo. Na ce, "Ka ji aiki, Malam!" Ya dube ni kamar zai yi magana, sai wata mota ta tsaya, na juya wajenta. Ya tayar da tasa ya tafi.

Bayan kamar mako uku ya dawo da hantsi. Bai fito daga motar nan take ba. Da ya fito, gaisuwar ma a gajarce ya yi ta, ya ce, "Sabi'u, cire mini rediyon nan. In tsohuwar tana nan, mayar mini da ita."

Raina ya ɓaci. Ba a taɓa dawo mini da rediyo ba. Na shiga na kunna, ta tashi. Na sake haɗa wayarsa na gwada kira, ya shiga. Na fito na ce, "Malam, me ta yi? In wani ne ya zuga ka, gaya mini sunansa."

Ya ce, "Zauna."

A bencin da na zaunar da shi ranar farko, nan ya zaunar da ni ya ba ni labari. Kwana huɗu bayan aikin, ranar kasuwar Ajingi, ya ɗauko 'yan kasuwa daga Toranke mota cike. Suna tafe waya ta yi ƙara, ya danna maɓalli kamar yadda na koya masa. Sai muryar Iya Delu ta fito a sifika huɗu. Ita ba ta san komai ya canja ba, ta ɗauka da kunnen Malam Haladu kaɗai take magana kamar kullum. Ta faɗi sunan matar, ta faɗi gidan mijinta, ta ce tun asuba take kan gwiwa, ta kuma bayyana halin da jikinta ke ciki da irin kalmomin da ungozoma ke faɗa, waɗanda ba a yi su don kunnen maza ba. Kafin ya lalubo inda zai kashe, ta gama. Mutum goma sha wani abu ne a motar, kusan duk maza. A cikinsu har da mahaifin matar, kuma 'yar fari ce a wurinsa, wadda ko sunanta ba ya kamawa. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce a sauke shi, ya sauka a tsakiyar gonaki.

Ku da kuka tashi a nan kun san abin da wannan ke nufi. Mace na naƙuda, ko maƙwabta ba a son su sani sai an ji kukan jariri. Ita matar an kai ta asibiti ta sauka lafiya, amma kafin azahar duk kasuwa ta san abin da Iya ta faɗa, wasu marasa kunya har suna kwaikwayon muryarta. Malam Haladu ya raba wayarsa da rediyon tun a ranar, ya je ya ba Iya haƙuri. Ta ce ita da motar da ke shela a kasuwa har abada. Ya rantse mata ya kashe abin. Ta ce ita ba ta san kashewa ba, abin da ya shiga jikin mota ba a san ranar da zai sake buɗe baki ba.

Na ce, "To ai Malam, aikin rediyon ke nan. Haka aka ƙera ta. Kowa haka nake sa masa."

Ya ce, "Na fara gaya maka. Ka ce in bar ka da aikinka."

Bai tsaya nan ba. Ya ce shekaranjiya wata mata a wani ƙauye bayan Toranke haihuwa ta zo mata da wuya. Ba a kira shi ba, alhali a lokacin yana Ajingi zaune yana jiran lodi. A amalanken shanu aka ɗauko ta. Kafin su fito titi ta haihu a hanya, jaririn bai zo da rai ba. Ya ce, "Rai na Allah ne, ban ce da na je da ya rayu ba. Amma ba a kira ni ba, Sabi'u. Shekara shida ana kirana."

Ni da nake alfahari ban taɓa ƙona wa kowa mota ba, ga abin da hannuna ya jawo. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya kama ni, bayansu kuma wani irin taurin kai ya taso mini. Na ce masa ba zan cire ba. In na cire, Iya ba za ta yarda an cire ba, shi kuma zai koma riƙe waya ciyaman ya kore shi daga layi, an yi biyu babu. Na tambaye shi ko ya gwada abin saƙalawa a kunne. Ya ce ya gwada har guda biyu, ɗaya ya faɗa ƙarƙashin kujera a gargada, ɗayan cajinsa ya mutu ranar da ake buƙatarsa, ga shi yana toshe masa jin hon ɗin na baya. Na ce, "To ba ni motar. Zan yi maka abin da kira zai shiga kunnenka kai kaɗai, hannunka na kan sitiyari. Kuma ni da ƙafata zan je gaban Iya."

Ya ce, "Ana yin haka?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba. Amma za a yi."

Mota ba ta barin layi haka kawai, sai da izinin ciyaman. Na rufe rumfa muka tafi Ajingi tare. Ciyaman ya saurare ni har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce, "Kai ne gwanin da ya mayar mana da motar asibiti motar kamfen?" Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya ce, "Kwana uku na ba ku, layinsa na nan. In ka gaza, ka kawo mini motar da rediyonka a hannu, ni kuma in nemi wani direban da matan za su yarda da shi, in akwai." Yadda ya faɗi "in akwai" ɗin nan ya nuna mini shi ma ya san babu.

Ranar farko na bi hanya mai sauƙi. Na cire sifikokin baya da na ƙofar fasinja, na bar ta ƙofar direba kaɗai, na rage murya. Maƙwabcin rumfata, Garba mai kushin, wanda ke ɗinkin kujerun mota, shi na zaunar a gaba a matsayin fasinja. Malam Haladu ya zauna a mazauninsa, na koma bayan rumfa na kira na ce, "Garba ya ci wake ya hana matarsa." Ina dawowa Garba ya ce, "Ƙarya kake, tare muka ci." Aiki ya rushe. In na rage murya yadda Garba ba zai ji ba, shi ma direban ba ya ji. Na gane matsalar tun daga tushe take: muddin kira zai bi ta cikin rediyon, to zai fita inda waƙa ke fita.

Kashegari na yi sammako na shiga Kano, na bi layin masu kayan wuta na samo wani ɗan ƙaramin allo na bulutut wanda bai fi akwatin ashana ba, mai karɓar kira shi kaɗai, da mazaunin makirfo da na sifika. Na dawo kafin azahar. Na raba wayar Malam Haladu da rediyon kwata-kwata, na goge sunanta daga ciki yadda ko da kuskure ba za su sake haɗuwa ba. Karatun da yake saurare a memori yake, na zare shi daga wayar na soka a jikin rediyon, ta ci gaba da aikinta. Wayar kuma na haɗa ta da sabon allon. Na fasa wata tsohuwar rediyon aljihu na ciro 'yar sifikarta, na ɗaure a ƙarfen da ke gefen ƙofa daidai kunnensa na hagu.

Muna tayar da mota sai wani kuka ya taso a sifikar, in an taka totur ya ƙaru, in an saki ya ragu. Wannan kukan altaneta ne, injin da ke cajin batir, yana biyo waya. Na sha fama da shi har la'asar. Na canja inda na ɗauko wuta, na kankare fenti na ɗaure wayar ƙasa a ƙarfe tsirara, na sa abin tace wuta a tsakani, sannan ya yi shiru. Muka sake gwaji. Garba a gaba bai ji ba. Na yi hamdala. Sai na ce ya koma kujerar da ke bayan direba. Na kira, na dawo, ya maimaita mini abin da na faɗa kalma bayan kalma, har da tarin da na yi.

Na jefar da fulaya na zauna a ƙasa. Malam Haladu ya ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka, Sabi'u." Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo. Na ce masa saura kwana ɗaya, kuma motar nan ba za ta bar rumfata tana surutu ba.

Garba ne ya warware mana, ba ni ba, kuma duk inda na ba da labarin nan sai na faɗi haka. Da safiyar rana ta uku ya zo ya tsaya yana kallon kujerar direba, ya ce, "Kai matsalarka ka ɗauka komai waya ce. Murya a iska take yawo. Ka binne ta mana." Ya zare matashin kai na kujerar, ya farke ɗinkin, ya ƙwaƙule soson ta ɓangaren taga, ya yi rami daidai girman sifikar. Muka kwantar da ita tana fuskantar inda kunne ke sauka. Bayanta ya cusa soso mai tauri ninki uku, ya ƙara da ƙyallen bargo, gabanta kuma ya bar yadi mai shara-shara. Na bi da wayar ta cikin ƙarfen matashin ta sauka ƙarƙashin kujera. Maɓallin amsa kira na dasa shi a gefen sitiyari inda babban yatsa ke kaiwa. Garba ya ɗinke, in ka gani ba za ka ce an taɓa ba. Muka tayar da mota muka gwada, gaba da baya, sau biyar. Garba bai ji komai ba, Malam Haladu kuwa ya ji har numfashina.

Bayan azahar muka kama hanyar Toranke. Mun tarar da Iya Delu a zauren gidanta tana tsinkar zogale a faranti. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, amma idonta in ya sauka a kanka sai ka gyara zama. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa Malam Haladu, ni ta bar ni a durƙushe.

Can ta ce, "Kai ne ka sa wa motar baki?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "Kai a kasuwa aka haife ka, ɗan nan?"

Na ce, "A ɗaki aka haife ni, Iya. Na yi kuskure, ban tambaya ba. Na zo ki gani da idonki ko na gyara."

Na yi mata bayani a taƙaice, na ce ta shiga motar ta zauna a bayan direba, ni in koma nesa in kira, ta ji ko za ta ji. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Kai ka kira, ka yi raɗa, ni kuma da kunnen tsufa in ce ban ji ba? Ni zan kira." Ta aika aka taro mata dattawan mata shida. A cikinsu akwai Talatu, taubashiyarta, wadda Malam Haladu ya raɗa mini cewa duk Toranke babu mai kaifin kunnenta, babu kuma mai saurin hawanta. Ita Iya ta zaunar a bayan direba, ta ce ta matso da kanta sosai. Sauran suka cika kujeru. Malam Haladu ya tayar da mota.

Iya ta ce, "Kashe. Ƙugin injin nan zai rufa muku asiri."

Duk gwajin da muka yi da safe, inji na aiki muka yi shi. Ban taɓa gwadawa a shiru ba, kuma ga garin tsit, ko akuya ba ta kuka. Na so in ce a bari in ɗan rage murya, na ga in na taɓa wani abu yanzu na gama yawo. Ya kashe injin ya bar makulli a kunne. Iya ta ɗauki wayarta ta zaga bayan katanga.

Wayar ta yi ƙara, ya danna. Ina tsaye a bakin taga. Daga inda nake ina jiyo sautin Iya sama-sama ta bayan katanga, alamar ba raɗa take yi ba, amma ba a rarrabe kalma. Idona na kan Talatu. Ta karkata kai, ta ture ɗankwali daga kunne, goshinta kusan yana taɓa kujerar. Malam Haladu kuwa na ga ya cije leɓe, kafaɗunsa sun fara rawa, yana ta kokawa da dariya. Ya daure ya ce, "Na ji, Iya." Ta ci gaba da magana ta daɗe, har hawaye ya taru masa a ido.

Da ta dawo ta leƙa motar ta ce, "Talatu, me na ce?"

Talatu ta ce, "Ni ban ji komai ba sai ɗan zizi kamar na sauro."

Iya ta ce, "Na yarda. Da kin ji, da yanzu kin ci ɗamara kin biyo ni bayan katanga."

Nan fa Talatu ta tashi. "Me kika ce a kaina? Haladu, me ta ce?" Ta rantse ba za ta sauka ba sai an gaya mata. Sauran matan suna ta dariya suna zuga ta. Ta juya kan Malam Haladu da magiya, ta koma barazana, shi dai yana share ido yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya Talatu, abin da aka faɗa a wayar nan a nan yake kwana." Na lura Iya ba Talatu take kallo ba, shi take kallo. Ashe gwaji biyu ta haɗa mana, na mota da na direba. Har yau ban san abin da ta faɗa ba.

Na zaci za ta ce ta huce. Ba ta ce ba. Ta koma kan zogalenta ta ce, "Ku gaida gida."

Muka mayar da mota layi. Daga nan sai jira. Duk wucewar da Malam Haladu zai yi ta gaban rumfata sai na ɗaga masa hannu, shi kuma ya girgiza kai. Mako guda, mako biyu. Kowane zuwa sai na tsayar da shi na duba allon, na ja wayoyin, na kira shi na tabbatar yana ji, don na ƙudurta in ma ba za a kira ba, ba dai ta ɓangarena matsala za ta sake fitowa ba. Na riƙa tunanin ƙauyukan nan da yawan matan da ke cikinsu, ga ruwa na ta sauka hanyoyi na ƙara lalacewa. Abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Wata ranar Laraba da rana tsaka ina ƙarƙashin wata mota, sai na ji Garba yana ƙwala mini kira. Na fito na hangi bas ɗin Malam Haladu ta shigo gari daga wajen Ajingi, fitilu a kunne, babu kaya a sama, an rataya zane a tagogin baya. Bai tsaya ba, bai ko dube mu ba, ya miƙe hanyar asibiti hannu biyu a kan sitiyari. Garba ya ce, "An kira." Na koma ƙarƙashin motar na kwanta na ɗan jima ban taɓa komai ba, don ban so ya ga fuskata.

Bayan kwana takwas ya tsaya a rumfata ya miƙo mini ƙullin leda, goro ne da alewa da 'yar masa. Ya ce, "Na suna ne. Iya ta ce a kawo wa mai rewaya, a ba mai kushin nasa."

Na ce, "Masha Allah! Mace ko namiji? Wane gida ne?"

Ya ce, "Uwa lafiya, ɗa lafiya. Kwana uku ka yi kana ɗinke bakin motar, yanzu kuma nawa kake so ka farke?"

To ku ji, ku masu tasowa. Haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, wata shida ya isa mutum ya iya. Abin da ya ɗauke ni shekaru ban koya ba shi ne, waya ɗaya ce a hannun kowa, amma abin da ke bi ta cikinta ba ɗaya ba ne. Wani waƙa ce, wani ciniki ne, wani kuma mutuncin gidajen mutane ne da rayukansu. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini mota a sa masa bulutut, sai na ajiye fulaya na zauna kusa da shi na tambaye shi abu biyu: wa ke kiranka, kuma su wa ke zama a motarka? Sannan in yi shiru har ya gama. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne, har sukan ce Sabi'u ya tsufa ya fara surutu. Ba na damuwa. Su ba su san akwai wata mata a bayan Toranke da ta haihu a kan amalanke ba, ni kuwa na sani.